Wa Ya Ƙera Shi? Rigimar Amurka da Ƙananan Jiragen Sin Marasa Matuƙa

A ranar 5 ga Afrilun 2023 wata ƙa'ida ta fara aiki a jihar Florida ta Amurka, wadda ta tilasta wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da sauran ma'aikatan gwamnati su ajiye ƙananan jiragensu marasa matuƙa. Jiragen lafiyarsu ƙalau, da kuɗin haraji aka saye su, wasu ma ba su tsufa ba. Laifinsu ɗaya ne, wato a ƙasar Sin aka ƙera su. Tun kafin ranar jihar ta fitar da sunayen kamfanoni biyar da ta amince da kayansu, kuma kamfanin DJI na Sin, wanda shi ne ya ƙera mafi yawan jiragen da ke hannun waɗannan hukumomi, ba ya cikinsu. Daga baya majalisar jihar ta ware dala miliyan 25 domin a sayo madadi.

Duk wanda ya halarci bikin masu hali a Kano ko Abuja, ko ya tsaya kallon hawan Sallah ya ji wani abu mai farfela huɗu yana ƙugi a saman kawunan jama'a kamar tarin zuma, to ya ga abin da ake wannan rigima a kansa. Masu ɗaukar hoto diron suke ce masa. Ba manyan nan na yaƙi masu harba makamai ake nufi ba, ƙananan ne da ke shiga jakar goyo. Wani ɗalibi mai suna Frank Wang ne ya kafa DJI a 2006, hedikwatarsa tana birnin Shenzhen. A 2013 ya fitar da samfurin Phantom, wanda mutum zai ciro daga kwali ya tashe shi a ranar ba tare da ya zama injiniya ba, daga nan kasuwa ta zama tasa. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan jirage a duniya nasa ne. Kamfanonin Amurka sun gwada gasa da shi sun sha ƙasa: 3D Robotics ya daina ƙerawa, GoPro ya janye a farkon 2018.

Ba ƙaunar Sin ce ta sa hukumomin Amurka suka rungumi kayan DJI ba. Abin yana da araha kuma yana aiki. Kyamararsa mai ganin zafin jiki tana gano yaron da ya ɓata a daji cikin dare. Ɗan kwana-kwana yana leƙa rufin da ke ci da wuta kafin ya tura mutum. Injiniyan gada yana duba ƙarƙashinta ba tare da an rataye shi da igiya ba, kamfanin lantarki kuma yana bin manyan layukansa falwaya bayan falwaya a yini guda, aikin da a da sai da helikwafta. Wannan aiki na ƙarshe shi ne tushen damuwar, domin jirgin da ya fi kowa kusantar tashar lantarki da madatsar ruwa, wanda ya fi ɗaukar hotonsu dalla-dalla, shi ne na hukumar da aka ɗora wa nauyin kula da su.

A tsarin Amurka akwai fannoni 16 da gwamnatin tarayya ta ware tun 2013 a matsayin waɗanda rayuwar ƙasa ta rataya a kansu. Akwai makamashi da ruwan sha da madatsu da sufuri da sadarwa da tashoshin nukiliya da masana'antun sinadarai da asibitoci da bankuna, har da noma da abinci. Idan ɗan majalisa ya ce yana son kare muhimman wurare, wannan jerin yake nufi, ko wani ɓangare nasa da jiharsa ta zaɓa.

To mene ne ainihin abin tsoron? Wani zai ce ai tauraron ɗan'adam ya daɗe yana ɗaukar hoton kowace tashar lantarki a doron ƙasa, kowa ma zai iya buɗe taswirar Google ya kalla. Gaskiya ne, amma tauraro daga sama yake hango rufi. Jirgin da injiniya ya tayar yana tsayawa mita kaɗan daga taransifoma, ya ɗauki lambar da ke jikinta da sunan kamfanin da ya yi ta, ya nuna wayar da ta fi ɗaukar zafi, ya nuna inda siminti ya tsage a jikin madatsa, da ƙofar da ba kyamara a kanta. Kowane hoto yana ɗauke da lokaci da daidai wurin da aka ɗauke shi. Hoto guda ba komai ba ne. Amma a tara na shekaru goma daga dubban hukumomi, sai a sami taswirar raunin ƙasa baki ɗaya, kuma masu ƙasar ne suka zana ta da hannunsu.

Saura tambayar yadda hoton zai bar hannun mai shi. Jirgin shi kaɗai ba ya magana da Shenzhen. Da rimot yake magana, rimot ɗin kuma yana haɗe da waya ko allon da ke ɗauke da manhajar kamfanin, manhajar ce ke hawa intanet. Ta nan ake sauko da taswira, ta nan ake sabunta manhajar cikin jirgin, ta nan kuma tarihin tashi da saukarsa zai iya tafiya rumbun ajiyar kamfanin idan an kunna hakan. Akwai wata ƙofa ta biyu da jami'an tsaro suka fi jin tsoro. Idan aka dawo ofis aka soka rimot ko katin ajiya a kwamfutar da ke haɗe da na'urorin kamfanin ruwa ko na lantarki, duk abin da ke ɓoye a ciki ya sami hanyar shiga gida. Sannan manhajar da aka bincika yau aka ce tana da tsabta, gobe kamfanin zai iya aiko da sabuwa. Wannan ya sa binciken rana ɗaya ba ya kwantar wa mai shakka hankali.

Abin da ya ɗaure maganar shi ne dokar ƙasar Sin kanta. Dokar leƙen asiri ta 2017, a sashe na 7, ta wajabta wa kowace ƙungiya da kowane ɗan ƙasa ya taimaka wa aikin leƙen asirin ƙasa. A 2021 kuma aka kafa ƙa'idar da ta ce kamfanin da ya gano wata kafa a manhajarsa sai ya sanar da ma'aikatar masana'antu cikin kwana biyu. Ma'ana gwamnati za ta iya sanin kafar kafin masu amfani da kayan su sami maganinta. Da waɗannan dokoki biyu hukumar FBI da hukumar CISA mai kare na'urorin ƙasa suka kafa hujja a gargaɗin da suka yi wa masu kula da muhimman wurare a Janairun 2024. Hujjar ba ta buƙatar a ce shugabannin DJI mugaye ne. Cewa take ko da mutanen kirki ne, ran da aka ƙwanƙwasa musu ƙofa ba su da ikon cewa a'a.

An taɓa kama su dumu-dumu? A bainar jama'a dai ba a taɓa gabatar da shaidar cewa ga hoton tashar kaza da ya bi ta DJI ya isa hannun gwamnatin Sin ba. Abin da ake da shi alamu ne. A Agustan 2017 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta umarci dakarunta su daina amfani da kayan kamfanin saboda raunin tsaro. A watan ne wani ofishin hukumar shige da fice a Los Angeles ya rubuta cewa yana da matsakaicin yaƙini kamfanin na miƙa bayanan muhimman wurare ga Beijing, zargin da DJI ya ƙaryata. A ƙarshen shekarar wani mai binciken tsaro, Kevin Finisterre, ya tarar da mabuɗan sirrin rumbun kamfanin a yashe a shafin GitHub inda kowa zai iya ɗauka, ya kuma ƙi karɓar tukuicin dala 30,000 saboda sharuɗɗan da aka gindaya masa. A 2020 kamfanonin bincike biyu, Synacktiv na Faransa da GRIMM na Amurka, sun nuna cewa manhajar DJI ta wayoyin Android tana iya sabunta kanta ta bayan idon shagon Google, kuma ta taɓa kwasar lambobin shaidar waya da ba ta da buƙatarsu wajen tuƙa jirgi. Ruwa ba ya tsami banza, amma sakaci da cin amana ba abu ɗaya ba ne, kuma waɗannan binciken sakaci da buɗaɗɗiyar ƙofa suka tabbatar.

DJI bai zauna ba. Ya ƙara maɓallin da ke yanke manhajar daga intanet gaba ɗaya, ya yi samfuri na musamman don gwamnatoci, ya ɗauki kamfanonin bincike irin su Kivu da FTI su duba kayansa, kuma ba su ga bayanai suna sulalewa ba idan an kulle komai yadda ya kamata. A tsakiyar 2024 ma ya rufe hanyar tura tarihin tashi zuwa rumbunsa ga masu amfani a Amurka. Masu suka suka ce wanda ya biya mai bincike shi ke zaɓar abin da za a duba.

A ganina, wanda ya ce tsoron ƙirƙira ce kawai bai yi adalci ba. A Mayun 2023 Microsoft da hukumomin tsaro suka bayyana wani gungun masu kutse da suka laƙaba wa suna Volt Typhoon, suka danganta shi da gwamnatin Sin. A Janairun 2024 shugaban FBI na lokacin, Christopher Wray, ya shaida wa majalisa cewa masu kutsen suna kafa sansani a cikin na'urorin ruwa da lantarki da bututun mai domin ranar da rikici zai ɓarke. Beijing ta musanta. Ko ma dai yaya ne, gwamnatin da ta yi imanin abokin hamayyarta yana laluben makunnin wutarta, ba za a ce ta haukace ba don ta ƙi leƙa tashoshinta da kyamarar da aka ƙera a gidansa. Inda nake da ja shi ne irin maganin da aka zaɓa, da abin da aka ce yana warkarwa.

Matakan tarayya sun zo ne daki-daki. Dokar kasafin tsaro da aka sa wa hannu a Disambar 2019 ta hana Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, sayen jiragen Sin da muhimman sassansu, irin su kyamara da rediyo da ƙwaƙwalwar tuƙi. Ma'aikatar harkokin cikin gida, mai kula da dazuzzuka da filayen gwamnati, ta dakatar da jiragenta kusan 800 a ƙarshen 2019, ta bar ƙofa don gobarar daji da ceton rai. A 2020 Pentagon ta fitar da jerin amintattun jirage, kamfanoni biyar ɗin da Florida ta kwafa daga baya, kuma ɗaya daga cikinsu, Parrot, na Faransa ne. Wannan ya nuna cewa a lokacin kalmar "na waje" ba kowace ƙasa take nufi ba. Ma'aikatar kasuwanci ta sa DJI a baƙin littafinta a Disambar 2020, Pentagon ta kira shi kamfanin sojan Sin a 2022, ya kai ƙara kotu ya sha kaye a Satumbar 2025. Babbar dokar ita ce wadda Shugaba Biden ya sa wa hannu a ranar 22 ga Disambar 2023: hukumomin tarayya ba za su sayi irin waɗannan jirage ba, bayan shekara biyu kuma ba za su tashe su ba, kuma ba za a saye su da kuɗin tallafin tarayya ba. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mai dogon hannu, domin jami'o'i da 'yan kwangilar hanya da ƙananan ofisoshin 'yan sanda da yawa da kuɗin Washington suke sayayya.

Jihohi kuwa ikonsu a sararin sama ƙalilan ne, domin hukumar sufurin sama ta tarayya, FAA, ita ke da wannan hurumi. Abin da jiha ke da cikakken iko a kansa shi ne aljihunta da ma'aikatanta. Shi ya sa dokokin suka fito da siffar "gwamnati ba za ta saya ba, gwamnati ba za ta tashe shi ba". Florida ta yi yankan wuƙa ɗaya, ta haɗa Sin da Rasha da Iran da Koriya ta Arewa da Kuba da Benezuwela da Siriya a jerin ƙasashen da take ɗari-ɗari da su, ko da yake kowa ya san ɗaya ce daga cikinsu ke sayar wa 'yan sandan Florida jirgi. Arkansas ta yi tata dokar a 2023 amma ta ba hukumomi har zuwa 2027 su ci moriyar waɗanda ke hannunsu. Mississippi da Tennessee ma sun taƙaita saye.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce ta Utah, ta 2024. Ba ta taɓa ɗan sandan da ke neman wanda ya ɓata a tsauni ba. Ta tsaya ne a kan aikin duba muhimman wurare, ta ce hukumar gwamnati ko ɗan kwangilarta kada su yi wannan aiki da jirgin Sin ko na Rasha. Sai kuma ta buɗe wata ƙofa: ko a ina aka ƙera jirgin, za a iya aiki da shi muddin ba ya haɗe da intanet yayin dubawar, kuma an kwashe duk hotuna da bayanan da ya ɗauka kafin a sake haɗa shi. Waɗanda suka rubuta wannan sun fahimci cewa ta intanet bayanai ke fita, sai suka toshe wannan hanyar. Kuma sharaɗi ne da ya kamata ya hau kan kowane jirgi, domin rumbun kamfanin Amurka ma ana fasa shi. Tana da rauninta, ba shakka. Ta dogara ne da ma'aikaci ya tuna ya kashe intanet kowace rana, kuma wanda ya yi aiki da mutane ya san yadda ake mantuwa ranar da aiki ya yi yawa. Masu goyon bayan hani na gaba ɗaya suna cewa dokar da ba ta buƙatar kowa ya tuna komai ta fi sauƙin tsarewa. Magana ce mai nauyi. Sai dai kuɗinta ma mai nauyi ne, zan dawo kansa.

Yanzu ga ramin da ke tsakiyar duk waɗannan dokoki. A Yulin 2020 an tsinci wani jirgin DJI Mavic 2 a kan rufin wani gini kusa da wata tashar rarraba lantarki a yankin Hershey na jihar Pennsylvania. An ɗaura masa igiyoyi biyu, a ƙarshensu akwai wayar tagulla mai kauri. An cire kyamararsa da katin ajiyarsa da duk alamar da za ta kai ga mai shi. Hukumomin tsaro sun ce ga alama an so a sauke wayar ne a kan na'urorin tashar domin wuta ta haɗu ta ƙone su, kuma shi ne karo na farko da suka san an nufi tashar makamashi a ƙasar da irin wannan dabara. Jirgin ya faɗi kafin ya kai. A Janairun 2024 kuma wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin ya tayar da jirgi a kusa da masana'antar Newport News a jihar Virginia, inda ake ƙera manyan jiragen ruwan yaƙi masu amfani da nukiliya, ya ɗauki hotuna. Asirinsa ya tonu ne don jirgin ya maƙale a bishiya. An ɗaure shi wata shida.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane biyu da dokar hana gwamnati saye za ta tsayar. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne, kuma da jirgin ƙirar Amurka ne a hannunsu da ɓarnar ɗaya ce. Haka nan mafi yawan tashoshin lantarki da bututun mai da matatu a Amurka na kamfanoni masu zaman kansu ne, waɗanda dokokin jihohi da yawa ba su hau kansu ba, gargaɗi kawai aka yi musu. Wato an kama hannun wanda ya fi sauƙin kamawa, ma'aikacin da ke karɓar albashi daga baitulmali. Wani zai ce an bar jaki ana dukan taiki. Ni ba zan kai nan ba, tunda taikin ma akwai abin dubawa a cikinsa, amma jakin yana nan yana kiwo.

Maganin mai shawagi da mugun nufi daban ne, kuma a nan aka yi ta jan ƙafa. Tun 2016 majalisa ta umarci FAA ta tsara hanyar da mai matatar mai ko tashar lantarki zai nemi a haramta shawagi a saman wurinsa. Har tsakiyar 2025 ba a kammala ba, sai da Shugaba Trump ya sake ba da umarni a watan Yuni. A dokar tarayya ƙaramin jirgin nan jirgin sama ne, harbo shi babban laifi ne, toshe masa sadarwa ma laifi ne. Tsawon shekaru ma'aikatun tarayya huɗu kaɗai ke da izinin kakkaɓo shi, mai gadin tasha kuwa sai dai ya ɗaga kai ya kira waya. Wani abin mamaki, katangar da ta fi aiki a aikace ta DJI ce. Bayan wani Phantom ya faɗo a harabar fadar White House a Janairun 2015, kamfanin ya faɗaɗa tsarin da ke hana jiragensa tashi a wuraren da ya shata a taswira, kamar filayen jirgin sama. Shekara goma kamfanin da ake zargi shi ke gadin sararin wanda ke zarginsa. A Janairun 2025 ya cire katangar a Amurka ya mayar da ita gargaɗi kawai, ya ce alhakin bin doka na mai tuƙi ne. Kwanaki kaɗan kafin nan wani ƙaramin jirgin DJI ya huda fiffiken jirgin kashe gobara da ke aiki a wutar Los Angeles.

Najeriya, da take da tata matsalar, ta ɗayan ɓangaren ta kama. Tun 2016 hukumar kula da sufurin sama ta ce ba mai tayar da jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a farkon 2025 sojoji suka hana shawaginsu a arewa maso gabas bayan 'yan ISWAP sun fara kai hari da su. Tambayar a can ita ce wa ke riƙe da rimot. Inda aka ƙera jirgin ba ya cikin lissafi, tunda rundunar sojin saman ƙasar ma daga Sin ta sayo wasu manyan jiragenta marasa matuƙa.

Sai batun kuɗi. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya duba abin da ya sami ma'aikatar harkokin cikin gida, ya ruwaito a 2024 cewa matsakaicin farashin jirgin da take saye ya ninka fiye da sau biyar, jiragenta sun tsufa sun ragu, wasu ayyukan an koma yin su da helikwafta ko a ƙafa. Helikwafta mutum ke ciki, kuma a aikin wutar daji yana faɗuwa. Babban birni zai iya haɗiye tsadar. Gundumar karkara mai 'yan kwana-kwana na sa kai, waɗanda wataƙila da gudummawar jama'a suka sayi jirgi ɗaya tilo, idan aka ce su ajiye shi, a zahiri an ce su zauna babu jirgi. Wannan ne ya sa a majalisun jihohi da dama waɗanda suka fi yaƙar ƙudurorin ba masu kare Sin ba ne, shugabannin 'yan sanda ne da na kashe gobara, mutanen da a wasu batutuwan suke sahun gaba wajen kiran a tsaurara tsaro. Kowane ɓangare kuma, DJI da abokan gasarsa na Amurka, ya zuba kuɗi wajen kamun ƙafa. Amurka ta taɓa bin wannan hanya da kayan sadarwar kamfanonin Sin, Huawei da ZTE: ta ware dala biliyan 1.9 don a cire a sauya, buƙatar da aka amince da ita ta doshi biliyan 5.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ba a cika sa ta a kan gaba ba, kuma Beijing ce da kanta ta tabbatar da ita. A Oktoban 2024 Sin ta ƙaƙaba takunkumi a kan Skydio, kamfanin da ya fi kowa ƙera irin waɗannan jirage a Amurka, saboda cinikinsa da Taiwan. Sai ga shi batiran Skydio daga Sin suke zuwa. Shugaban kamfanin, Adam Bry, ya sanar da abokan cinikinsa cewa za a koma rabon batir ɗaya ga kowane jirgi har a sami wata hanya. Kamfanin da aka kafa dokoki domin a koma gare shi, sanarwa ɗaya daga Beijing ta sa shi tsimin batir. Tun a 2023 Sin ta fara taƙaita fitar da wasu jirage da sassansu, abin da Yukren ta ji a jikinta. Yaƙin can ya nuna wa kowace rundunar soja cewa ƙaramin jirgi ya zama kamar harsashi, ana cinye dubbai a wata, kuma ƙasar da ba ta iya ƙera injin farfela da batir da maganaɗisun da ke cikinsa tana cikin hatsari ko da ba a taɓa satar mata hoto ko ɗaya ba. Indiya ta faɗi nata a fili lokacin da ta hana shigo da jirage marasa matuƙa a Fabrairun 2022 ta bar ƙofa ga sassan haɗi, ta ce masana'antar gida take son tayarwa.

Idan aka kalli dokokin Amurka da wannan ido sai su fi yin ma'ana. Suna ƙirƙira wa kamfanonin gida kasuwar da ba za su samu ta hanyar gasa ba, suna tilasta wa gwamnati ta zama mai sayen farko. Manufa ce da za a iya karewa. Amma idan ita ce manufar, to kuɗinta na ƙasa ne baki ɗaya, bai kamata ya faɗa kan ofishin kwana-kwanan ƙauye ba, kuma a auna nasararta da yawan masana'antun batir da injin farfela da aka gina. Laƙaba mata sunan kare tashar lantarki yana sa jama'a su ɗauka an rufe ƙofar da mutumin Hershey ya bi, alhali tana nan a buɗe.

Dokar kasafin tsaro ta Disambar 2024 ta ba hukumomin tsaro shekara guda su binciki DJI da takwaransa Autel, ta ce idan ba wanda ya yi, a sa su kai tsaye a jerin kayan da hukumar sadarwa ta FCC ba za ta ƙara ba lasisi ba. DJI ya yi ta rubuta wasiƙu yana roƙon a zo a bincike shi. A ranar 22 ga Disambar 2025, ana gobe wa'adin zai cika, FCC ta wuce inda kowa ya zata, ta sa duk jirage marasa matuƙa da muhimman sassansu da aka ƙera a wajen Amurka a cikin jerin, har da na ƙasashen ƙawance, kafin daga baya a sassauta na wani lokaci ga waɗanda ma'aikatar tsaro ta tantance. Kowane jirgi yana magana da rimot ɗinsa ta rediyo, don haka sabon samfurin da ba shi da lasisin hukumar ba zai shiga kasuwar ƙasar ba. Sai dai matakin bai shafi samfuran da suka riga suka sami lasisi ba. Irin Mavic ɗin da aka tsinta a Pennsylvania, wanda ke da shi zai ci gaba da tashinsa, wanda ya samu a kasuwa zai iya saye, in dai ba da kuɗin gwamnati ba ne.